Askin da Maharazu Ya Yi a Kufai

Shekara arba'in da ɗoriya, duk wanda ya bi ta Unguwar Hajji a Karaye da sassafe zai tarar da Maharazu Wanzami a zaurensa, ya shimfiɗa buzu, ya zazzage zabira a gabansa. Ba ya hira a wannan lokaci. Zai ɗauki asakensa ɗaya bayan ɗaya ya wasa a dutse, ya goga a fata, ya gwada a gashin hannunsa, ya mayar. Sannan matarsa Baraka ta miƙo masa curin sabulu daga cikin gida. Ita take dafa shi da kanta, da ruwan tokar karan dawa da man kaɗanya, ta daka kanumfari ta barbaɗa kafin ya huce. Baƙi ne, mai laushi, idan aka murza shi da ruwan ɗumi sai ya yi kumfa mai kauri. Wanzamai da yawa ruwa kawai suke shafa wa kai su kafa aska. Maharazu kuwa cewa yake yi ba ya ɗora ƙarfe a fatar da bai fara lallashi ba.

Daga nan sai ya rataya zabira ya hau keke. Yau yana Rogo, gobe Beli, jibi Jajaye, wata rana kuma rugagen da ke tsakani. Askin suna, kaciya, ƙaho, gyaran gemun ango, duk nasa ne. Bana hannunsa na dama ya fara rawa, ya rataye zabirar a ƙusa, ya ce ya gama. Ba a yi masa taro ba, ba a buga ganga ba. Shi ya sa aka ga ya dace a rubuta wani abu game da shi tun yana ji da kunnensa.

Gaskiya ita ce mutane suna sonsa, amma suna ɗan shakkarsa. Bai taɓa barin gashin mutum a ƙasa ba, sai ya tattara a tsumma ya tafi da shi ya binne inda ba wanda ya sani. Kuma ya san kawuna yadda makiyayi ya san shanunsa. An taɓa gwada shi a kasuwar Rogo. Aka ɗaure masa ido da rawani, aka jera mutum tara ba hula. Ya shafa takwas ya faɗi sunayensu. Da ya zo kan na tara ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan ban taɓa aske shi ba. Amma na aske ubansa a Beli." Mutumin falke ne da aka haifa a Gwanja, bai taɓa taka ƙasar nan ba sai ranar, kuma ubansa ɗan Beli ne. Waɗanda suka fara wasan da dariya suka watse ba dariya. Idan aka tambaye shi ko yana da abokan aiki da ba a gani, sai ya ce, "Ba ni da kowa sai Allah. Ƙashi ne kawai, ɗa yana gadonsa."

Kai ne, Maharazu, shekarar da agana ta shiga ƙauyukan yamma da Rogo, ka riƙa zuwa bukkokin da aka keɓe marasa lafiya a bayan gari kana rage musu gashin da ya manne da ƙuraje. Ka ce ai ta riga ta kama ka kana yaro, ga zanenta nan a fuskarka, ba abin da za ta ƙara ɗauka. Mutanen Beli ba su manta ba. Amma aikin da ya sa har yau ake rage murya idan an ambace ka a Jajaye, wani ne daban.

A bazarar 1973 ne, shekarar da ruwa ya ƙi sauka. An yi shuka ta ƙone, an fita roƙon ruwa sau biyu, sama ta tsaya fari fat. A cikin wannan hali wani mutum ya bayyana a kufan da ke arewa da Jajaye, inda gidaje shida suka tashi bayan rijiyarsu ta ƙafe. Ba abin da ya rage a wurin sai guntayen katanga da tudun ƙasa. Mata masu neman itace ne suka fara ganinsa. Gashin kansa ya cukurkuɗe ya sauko har kafaɗa, gemu ya rufe masa baki, ba a ganin komai a fuskarsa sai idanu. Bai roƙi kowa ba, bai kori kowa ba. Abin da ya tayar da hankalinsu shi ne, kullum idan ya dawo daga daji, yakan tsaya a wani wuri da babu ƙofa babu gini, ya cire ragowar takalminsa, ya sunkuyar da kai kamar mai shiga zaure, ya wuce ya zauna. Tsofaffi suka lura cewa daidai nan zauren gidan su Halliru yake kafin a tashi.

Shi kuwa Halliru an daɗe da yi masa addu'ar arba'in. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa tare da abokinsa Sulle. Sulle ya dawo shi kaɗai, ya rantse a gaban malamai cewa a gabansa Halliru ya faɗi a bakin wani rafi a kudu, shi ya rufe masa ido, ya ɗaure masa haɓa, kafin a tilasta musu ja da baya. An yi masa sallah daga nesa, an raba ɗan abin da ya bari. Ubansa ya rasu a shekarar da ta biyo, uwarsa Safara'u ta koma cikin gari wurin ƙaninta, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi.

Kafin mako ya zagayo, magana ta zama ɗaya a Jajaye: fatalwa ce, kuma ita ta tare ruwa. Samari suka fara shawarar tara duwatsu da bakin wuta su kore ta bayan sallar Juma'a. Sulle ya fi kowa matsawa a yi, kuma duk wanda ya dube shi ya san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ya daina cin abinci.

Ranar Alhamis Maharazu ya shigo Jajaye yin askin suna. Ya gama, yana wanke hannu a ƙofar gida, sai ga Safara'u tana dogara sanda. Suka gaisa, ta tambayi Baraka, ya tambayi jiki da zafi. Sannan ta ce, "Wanzam, kai ka yi wa yaron nan askin suna." Ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Ni na yi, Iya."

"Kai ka yi masa kaciya."

"Ni ne."

"An hana ni zuwa. Ko na je ma ba gani zan yi ba. Jiya iska ta kawo min tarinsa." Ta gyara riƙon sandar. "Ka je ka taɓa min kansa. In ba shi ba ne, ka faɗa min in huta. In shi ne, ka faɗa musu kafin sallar gobe."

Maharazu ya goge hannunsa. Shi mutum ne da ya wanke gawa ba adadi, gawa ba ta ba shi tsoro. Amma wannan bai san sunan da zai ba shi ba. Ya kwana a Jajaye. Da hantsin Juma'a ya sa aka ɗumama masa ruwa a tulu, ya ɗora a bayan keke, ya tura da ƙafa zuwa kufai. Mutane suka bi shi a baya, suka tsaya a inuwar wata ɗorawa, nesa da jifa.

Wurin shiru, ko kukan tsuntsu babu. Maharazu ya jingine keke, ya zo daidai inda aka ce mutumin yake cire takalmi, shi ma ya cire nasa. Ya yi sallama kamar mai shiga gidan mutane. Ba a amsa ba. Ya sunkuya ya shige ta ƙofar da babu ita.

Mutumin yana zaune ya jingina da guntun katanga. Wari ne ya fara tarar Maharazu, ba warin dauɗa kaɗai ba, wani warin danshi, irin na ƙasar da ta sha ruwa, a shekarar da ko raɓa ba a gani.

"Maigida, wanzami ne," in ji Maharazu. "Na ga gashi ya yi yawa, ga zafi."

Ya zauna a gabansa, ya buɗe zabira, ya zaro aska. Rana ta haska bakinta. Nan take mutumin ya sandare, ya kai hannu biyu ya rufe maƙogwaronsa, wata ƙara ta fito daga ƙirjinsa, siririya, ba kuka ba, ba magana ba. Waɗanda ke ƙarƙashin ɗorawa sun ji ta, wasu suka ruga. Maharazu ya mayar da askar a hankali, ya naɗe zabirar, ya tura ta bayansa. Ya fahimci abu guda: ko wane ne wannan, ya taɓa ganin abin da tsirarar wuƙa take yi wa wuya.

Ya tashi ya koma cikin gari, kai tsaye gidan Malam Lado, malamin firamare. Malam Lado yana da irin rezar nan mai gida, wadda ake murɗa mariƙinta a saka reza a tsakiya a ɗaure, bakin ya leƙo ɗan kaɗan kawai. A Kano ya sayo ta, da ita yake aske gemunsa a gaban madubi. Shekara da shekaru Maharazu yana yi masa tsiya a kanta, yana cewa wannan ai kayan wasa ne na masu gudun gaida wanzami.

"Malam, aron abin nan naka na zo."

Malam Lado ya dube shi, ya ga ba wasa a fuskarsa. Ya ɗauko ta, ya haɗa masa da sababbin reza huɗu a takardarsu, ya nuna masa yadda ake ɗaurawa. "Kada ka danna, Baba. Nauyinta ya isa. Kuma sai ka rage gashin tukuna, in ba haka ba toshewa za ta yi."

Da ya koma kufai, bai kai ta kusa da fuskar mutumin ba. Ya ɗora masa ita a tafin hannu, ya kama ɗan yatsansa ya bi da shi ta gefenta. "Ji nan. Bakinta a rufe yake. Riƙe min ita har in gama wancan." Mutumin ya damƙe ta. Maharazu ya zagaya bayansa, ya naɗe almakashi da tsumma don kada ya yi ƙara ko ƙyalli, ya fara yanka curin gashin kaɗan-kaɗan, yana ba shi labarin gari da murya ƙasa-ƙasa: wanda ya yi aure, wanda ya tafi Makka, sabuwar rijiyar da ake haƙa. Daga cikin gashin wata jar ƙasa ta riƙa zubowa, ja wur, irin wadda babu ita ko'ina tsakanin Karaye da Rogo. Fatar wuyan kuwa sanyi ƙalau, kamar randa, alhali rana tana tsakiya.

Can tsakiyar kai almakashi ya ci karo da abin da ba gashi ba. Maharazu ya tona da yatsa. Ƙullin ƙyalle ne, ya ruɓe, gashi ya tsiro ta cikinsa ya riƙe shi. Ya gane irin ƙullin da ake ɗaure haɓar gawa da shi ne, domin shi ma ya sha yi wa mamata. Ya ce a lokacin ya ji kamar ya tashi ya bar keken ma a nan. Ya karanta abin da ya sawwaƙa a zuci, ya yanke ƙullin ya ajiye gefe, ya ci gaba.

Aka kira sallar Juma'a, jama'a suka tafi, suka dawo da duwatsu a aljihu, suka tarar har yanzu yana aiki. Sai da gashin ya yi gajere sannan ya zuba ruwa a ƙoƙo, ya murza sabulu, ya shafa kumfar a kai da gemu, yana murzawa a hankali har gashin ya yi laushi. Ƙanshin kanumfari ya tashi. Mutumin ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja. Leɓɓansa suka motsa a cikin kumfa.

"Sabulun Baraka," ya ce, da murya kamar ta wanda ya manta yadda ake amfani da ita.

Maharazu ya ɗauraye hannunsa. Ya buɗe yatsun mutumin ya karɓi rezar, ya fara daga goshi. Bai saba da ita ba, ya riƙa ja gajere-gajere, yana ɗaurayewa a ƙoƙo, yana ƙara kumfa. Reza ta farko ta dakushe kafin ya kai rabin kai. Ya canja. A gefen ido na hagu ya sami tsaga uku da ya yi wa wani yaro mai ciwon ido shekara ashirin da suka wuce, ta tsakiya ta karkace saboda yaron ya fizge. A bayan kai kuma, ƙasa da ƙeya, babban yatsansa ya faɗa cikin wani rami a ƙashi, mai zurfin da bai taɓa jin irinsa a kan mai rai ba. Ya bar gashin wurin bai aske ba.

Da ya zo wuya, ya tsaya. "Halliru, zan bi ta nan. In ka ce in bari, na bari." Halliru ya ɗaga haɓa da kansa, ya rufe ido. Hawaye ya riƙa yanka hanya a cikin kumfa har aka gama.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Maharazu ya wanke masa fuska, ya cire hularsa ya sa masa, ya kama hannunsa suka fito. Halliru ya sunkuya a ƙofar da babu, ya sa takalmi. Suka doshi ɗorawa. Jama'a suka ja baya.

"Wannan Halliru ne ɗan Safara'u," in ji Maharazu. "Na san kansa tun yana ɗan kwana bakwai. Wanda zai yi jifa ya fara da ni, ga ni a gaba."

Ba wanda ya motsa. Sulle ne ya matso. Maharazu ya miƙa masa ƙullin ƙyallen. Sulle ya juya shi, ya ga daga gefen tasa rigar ya yage shi shekara biyar da suka wuce. Ya durƙushe.

"Wallahi ni na rufe maka ido," ya ce.

Halliru ya dube shi. "Ka rufe," ya ce. "Da ka tafi na buɗe."

Aka kawo Safara'u. Ta ba wa wata sandarta, ta shafa fuskar da aka aske da hannu biyu, daga goshi zuwa haɓa, ta koma ta sake. Ta ce, "Ka rame." Ta kama gefen rigarsa ta juya zuwa gida, ya bi ta.

Ruwa bai sauka a makon ba, bai sauka a na gaba ba. Da ya zo ma kaɗan ne. Amma an daina ɗora wa kufai laifi. Inda Halliru ya yi shekara biyar, wanda ya yi jinyarsa, yadda ya tako daga kudu har gida, bai faɗa ba har yau, mai yiwuwa shi ma bai sani ba. Yana noma gonar kawunsa, yana sallah a sahu, maganarsa ba ta wuce kalma biyar a yini. Akwai waɗanda har yanzu suke canja hanya idan sun hango shi. Sulle ne yake kai masa goro.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne aikin bai ƙare a ranar ba. Halliru bai yarda wani wanzami ya taɓa shi ba, kuma ba ya iya kallon aska. Maharazu ya yi saƙo Kano aka sayo masa reza mai gida tasa ta kansa, abin da ya rantse ba zai taɓa riƙewa ba. Duk mako biyu, shekara biyar cur, rani da damina, yana tuƙa keke daga Karaye zuwa Jajaye saboda kai ɗaya. Da ya ji hannunsa ya fara gardama, sai ya shiga koya wa Halliru yin abinsa da kansa: yadda ake jiƙa gemu, yadda ake tayar da kumfa, yadda ake bin kwanciyar gashi. Halliru ba ya duba madubi, don haka da lalube ya koya. Watan jiya ya aske fuskarsa tas ba ƙwarzane. A ranar Maharazu ya bar masa rezar, ya dawo gida ya ce wa Baraka ya gama aiki.

Mai wannan rubutu ya same shi a zaure kwanakin baya, ya tambaye shi ko ya ji tsoro a kufai. Ya kalli hannunsa mai rawa.

"Har yanzu ina ji," ya ce. "Duk ranar da yatsana ya bi ta ramin nan sai na ji. Ban san yadda mutum yake tashi da wannan ba. Amma ba a aike ni in sani ba. Uwarsa ta ce in taɓa kansa, na taɓa."

Maharazu na Baraka, mai hannun lallashi, mun gode. Kai ne ka cire takalmi a ƙofar gidan da ya rushe don mai gidan yana ganinsa a tsaye. Kai ne ka ajiye askar da ka gada, ka ari kayan da kake rainawa, don wanda ke gabanka ya fi girman kanka muhimmanci a wurinka. Mun gode wa Baraka, wadda ta shekara arba'in a bakin tukunya ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mata sannu. Allah Ya ba hannunka sauƙi, Ya sa ku gama lafiya.

Ku kuma matasan wanzamai, da ma duk mai sana'ar da ake taɓa jikin ɗan Adam, kusan kowane gari yana da wani a bayansa wanda aka daina kusanta, aka sa masa suna don a huta da tunaninsa. Ba a ce sai tsoro ya bar ku ba. Shi ma Maharazu tsoron bai bar shi ba. Ku ɗumama ruwa, ku je ku yi masa sallama.